Biyu a Tafin Hannu

Kwana tara ke nan da suka hauro ta bayan banɗaki.
Su uku. Ɗaya ya bar mini silifas ƙafa guda a gindin katanga,
har yau ban jefar ba.
Sun tafi da cinikin kemis na sati biyu, da wayar Ladiyo,
da barcina.
Na ukun ne ban san ofishin da ake kai ƙararsa ba.

Bayan isha'i Gwadabe ya zo,
tsohon maharbi, mai tafiya kamar ƙasa na barci.
Ya zauna bakin tabarma, ya buɗe hannu kamar mai rabon goro,
ya ce, zaɓi.

Na dama ja ne, kakkaura, kamar batirin tocila,
gindi tagulla, baki a tsuke irin na mai cin magana.
Na kai shi kunne na girgiza.
Ya ce cikinsa 'ya'ya ne, dalma ƙanana kamar dawa,
in sun fita tare suke fita,
kuma ba sa tsayawa tambayar sunan kowa.

Na hagu bai kai ƙwallon dabino ba,
sai sheƙi yake kamar haƙorin Makka.
Wannan, in ji shi, ɗan ƙaramar bindiga ne, shi kaɗai yake tafiya,
amma ƙofar langa-langa ba ta ce masa dakata.
Takardarsa kuwa, manta,
ba irinmu ake ba.

Na dubi bango.
Gidan haya ne, a Kurna, bulo ɗaya tsakanina da duniya.
Bayansa Barira ke kwana da kanta jingine da siminti
don ta ce nan ya fi sanyi.
Bayan nata bangon Isuhu tela ne,
wanda nake ƙirga tarinsa har asuba.

Na dubi soro.
Kamu huɗu ne faɗinsa.
Ta nan Ilu ƙanena yake shigowa in ya ajiye adaidaita,
ba ya ƙwanƙwasawa, don kada ya tashi yara,
sai ya zura hannu ta kafar ƙyaure ya lalubi sakata.
Su ma haka suka yi da za su fita.

Ni mai sayar da magani ne, Gwadabe.
Shekara sha bakwai ina zana wa mutane a bayan kwali:
ɗaya safe, ɗaya dare, bayan an ci abinci.
Wannan ƙwaya taka wa zai zana mini ƙa'idarta?
An taɓa tsayawa da wani a shagona, kan hanyar asibiti,
cinyarsa kamar rariya.
Na danna auduga har ta ƙare, na cire hulata na danna.
Ban tambayi ko ɓarawo ne ba. Jinin bai faɗa ba.

Amma kada in yi maka ƙaryar waliyyai.
Na ga wuƙa a wuyan Ladiyo.
Na ga yadda ta haɗiye salati don kada maƙogwaro ya motsa.
Mai wuƙar ya ce, Baba, kwanta,
da muryar da ba ta gama fashewa ba,
ina jin ma na taɓa hana shi maganin tari.
Da na tuna, sai na tarar hannuna ya rufe kan jan
ba tare da ya shawarce ni ba.

Shayi ya huce. Gwadabe ya miƙe, ya kaɗe riga.
Riƙe su zuwa Juma'a, ya ce, su ba sa gaggawa.

Na sa su a gwangwanin madara, can saman sif,
iri biyu, babu gona tukuna.
Na kwanta ido biyu.

Wajen ƙarfe ɗaya, sakata ta yi ƙara.
Wani hannu yana lalube a duhu.

Na ce, Ilu?

Shiru, tsawon numfashi ɗaya,
tsawon da yatsa yake bukata.

Na'am, Yaya. Ruwa ne ya tsare ni a Bata.